Daftarin Na'Allah Mai Hatsi

A shekarar 1998 Malam Yakubu ya fara sanin Na'Allah, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a wata firamare a Babura. Na'Allah magidanci ne a lokacin, mai awon gero da dawa, amma benci na baya yake zama don kada abokan cinikinsa su gan shi yana haɗa baƙi. Malam bai taɓa kiran sa gaban allo ba. Sai an watse yake zama da shi. Da haka ya iya karatu, ya kuma fito mai tsantseni, ko saƙon waya ba ya turawa sai ya sake dubawa.

Da Malam ya yi ritaya ya koma Kazaure. Ƙafa ta yi nauyi, abokan hira suka ragu. 'Yar ƙanwarsa Bahijja ta sa shi a Majalisar Gwaji, wani wasa da ake yi a Wasab, inda mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ke zama sanatocin wata ƙasa ta ƙirƙira, Jamhuriyar Tsamiya. Aka ba shi kujerar mai tace daftari: kowane ƙuduri sai ya duba shi kafin muhawara. Ba a ambatar gari na gaske, ba a haɗa magana biyu a ƙuduri ɗaya, kuma dole a sami mai mara baya. Akwai wata doka kuma: in kujerar mai tacewa ta yi wata guda ba ta mayar da daftari ko ɗaya ba, rushe ta ake yi. Nan kaɗai ya rage wa Malam inda ake neman ra'ayinsa. Da 'yan wasa suka goge, kuskure ya ƙare, samari suka fara cewa kujerar Baba ta zama ado.

Sai ga daftarin Na'Allah, wanda ya shiga wasan a jam'iyyar adawa. Yana neman a gyara rumfunan kasuwar Babura, da sunanta ƙarara. Malam ya mayar masa da bayani. Wata ya zagayo, ya turo wani da ya haɗa harajin shanu da hutun makaranta.

Malam bai yarda ba. Mutumin da ba ya ƙara ƙwayar gero a kan tiya ba da saninsa ba, shi zai manta doka? Tarko ne. In ya kau da kai saboda sanayya, 'yan adawa su ce ya yi son kai, su tsige shi. Ko kuwa wani ne ya karɓe wayar Na'Allah? Har Bahijja ya fara yi wa kallon biyu, tunda ita ce kakakin majalisar.

Ran kasuwa ya hau bas ya tafi Babura. Ya tarar da Na'Allah a rumfarsa cikin buhuna.

"Allah gafarta Malam! Yau mai tacewa da kansa? Gero na ma tace shi za a yi?"

"Bar wasa, Na'Allah. Wa ke sa ka?"

"Sa ni me, Malam?"

"Ni na koya maka karatu, na san ba ka tuntuɓe a fili. Kuma me ya sa kuskurenka ba ya zuwa sai wata ya kusa ƙarewa?"

Yana faɗa, tambayar ta ba shi amsar kanta. Duk watan da kujerarsa ke gab da rushewa, daftarin Na'Allah ne ke ba ta aiki.

Na'Allah ya ci gaba da share bakin tiya da tafin hannu, bai ɗago ba.

"Ai ɗan bencin baya ne ni, Malam. Sai an watse nake ganewa."

A hanyar komawa, kafin bas ta fita garin, wayar Malam ta yi ƙara. Sabon daftari ne daga Na'Allah, a kan rijiyoyin makiyaya, an tsara shi tsaf, sai dai babu mai mara baya. Malam ya ciro tabarau, ya goge da bakin riga, ya fara rubuta gyara.