Jirgin Ƙasan Kakana a Kan Ƙyaure

Ranar Talata na kai wayata gyara. Ina tsaye mai gyaran ya ɗora ƙarfensa mai zafi a kan dalma, warin ya bugi hancina, sai kawai na ji raina ya ɓaci. Ba mai gyaran ne ya yi mini komai ba. Wani tsohon fushi ne ya motsa, wanda na yi zaton aure da haihuwa sun kashe shi. Bari in ba ku labarin.

Kakana na wajen uba makanikin jirgin ƙasa ne. Da ya yi ritaya ya dawo gidanmu na Madabo, ya tarar 'ya'ya da jikoki sun cika ko'ina. Abin da ya rage masa shi ne wani ɗan ɗaki a jikin zaure, wanda in aka shimfiɗa tabarma aka ajiye buta, to ya cika. A cikin wannan ɗakin ya ce zai shimfiɗa layin dogo.

Tsohon ƙyauren katako ya samo, ya kwantar da shi a kan bulo huɗu, ya bar wa kansa wurin tsugunno kawai. Dogon da wayoyin ƙafar keke ya yi shi, yana miƙar da su yana haɗawa da dalma. Taragun gwangwanayen kifi ne, ƙafafunsu marafen kwalba. Kan jirgin kuwa gwangwanin madara ne, ya sa masa ɗan injin da ke juya kaset a wata matacciyar rediyo, da batir biyu. Yaran gidanmu maza sun yi kwana uku suna leƙe, suka gaji suka koma ƙwallo. Ni na tsaya. Shekarata tara, yatsuna sirara ne, nasa kuwa sun fara rawa, don haka ni ke riƙe waya shi yana ɗiga dalma.

Wahalarmu faɗin ƙyauren ce. Bai isa jirgi ya juyo cikin natsuwa ba, da ya zo lanƙwasa sai ya tuntsure. Damina guda muka yi a kan wannan lanƙwasar, ruwa yana zuba daga indararo, ɗakin yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya rage tsawon taragun, bai yi ba. Ya sa tsakuwa a cikinsu, bai yi ba. Daga ƙarshe ya tafi Jakara ya roƙo guntayen fata wurin dukawa, muka yanka su siri-siri muka cusa a ƙarƙashin dogon waje, ya ɗan ɗaga. Ya ce haka ake yi wa na gaske. Sannan muka kwaɓa jar ƙasa muka gina ƙaramin tudu, da gada, da tasha mai rufin kwali.

Ranar da jirgin ya fara zagayowa bai faɗi ba, bayan la'asar ne. Ya aike ni in kira kakata. Ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu, ta bi shi da ido har zagaye uku, sannan ta ce, "Ashe wannan ne abin da ya riƙa raba ni da kai, Malam." Ya yi dariya har da hawaye.

Amma Baffa, yayan mahaifina, bai taɓa son abin ba. Ya sha faɗa a tsakar gida cewa abin kunya ne dattijo ya zauna wasan gwangwani, ga ɗaki a bakin hanya da za a iya yin shago da shi. A gaban kakana kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce sannu da aiki, Baba.

Da rani ya shigo ɓarin jikin kakana ya shanye, aka kwantar da shi a asibiti. Sati biyu kacal. Na dawo daga makaranta na tarar an fasa bangon ɗakin ta waje, magina suna sa ƙofar ƙarfe. Ƙyauren yana jingine a lungu, an kankare shi tas. Dogon da taragun an ba masu sayen tsoffin ƙarafa. Ku lura, mutumin nan yana da rai. Yana kwance yana koyon ɗaga hannu, kullum yana tambayar kakata ko an cire batir kada ya zube. Babu wanda ya nemi izininsa, kuma babu babba ɗaya a gidan da ya buɗe baki ya ce a dakata. Da na yi kuka, sai aka ce in yi shiru, ni mace ce, me ya haɗa ni da ƙarafa.

Da aka sallamo shi, manya suka yi ta kewaye-kewaye. Ni na faɗa masa. Ya kalli rufin ɗaki, ya ce da harshensa da ya yi nauyi, "Ko kan jirgin ba su bar miki ba?" Na ce ba su bari ba. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, bai kuma sake bi ta gaban shagon ba, ko da ya fara takawa da sanda.

Yanzu gidan ya zama bene, shagon ya zama uku. Baffa ya tsufa, kuma a bikin sunan da muka yi bara na ji shi yana ba jikoki labarin basirar mahaifinsa, wai da a Turai aka haife shi da duniya ta san shi, wai mutanenmu ba su san darajar masu fasaha ba. Yaran suka ɗago daga wayoyinsu suka tambaya ina jirgin yake.

Baffa ya ce ya lalace.

Na ce, "Baffa, lafiyarsa ƙalau ranar da aka fitar da shi. Ni na cire masa batir."

Mata suka yi ta zungurina wai tsoho ne, in bar shi. Kakana ma ai tsoho ne, kuma ba a bar shi ba.