Mai Aron Dariya

Kowace Asabar wani dattijo yakan zo kasuwar garin Deventer, ya jingine tsohon kekensa, ya zauna a teburin da ke daura da rumfar Wietske mai sayar da cuku. Ba ta san sunansa ba. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, baƙar tawada ta shige ƙarƙashin farcensa ta zauna daram. Yakan jingina ƙaramin madubi da kofin gahawarsa, ya murtuke fuska ko ya zare ido, ya ƙare wa kansa kallo, sannan ya zana abin da ya gani.

Wietske tana kyautata zaton shi ne mai zana mutumin nan mai dogon hanci na zanen barkwanci, wanda take nema a shafin ƙarshe na jarida tun tana yarinya. In haka ne, duk fushin mai dogon hanci da tsoronsa daga wannan fuskar aka ɗebo su.

Yau dariya dattijon yake nema. Gefen bakinsa na dama ya ɗaga, na hagu ya ƙi motsi, kamar na mahaifinta bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ya sake gwadawa, sai ya kife madubin.

"Malama, ko za ki ara mini dariyarki?" in ji shi. "Tawa ta yi ritaya ba sallama."

"Haba Baba, da wannan giɓin nawa?"

"Ai shi nake so."

Dariya ta ƙwace mata. Alƙalaminsa sai gudu yake, ga mai dogon hanci can a takarda yana ƙyalƙyala dariya, da giɓinta a bakinsa.