Azarar Da Ta Ci Yaya Rabi

Shekara bakwai ke nan da benen gidanmu na Tsafe ya rufto a kan yayata Rabi. Na so in bar ranar ta wuce da addu'a kawai kamar kullum, sai ga shi makon jiya mutumin da ya duba benen ya ce lafiyarsa ƙalau ya yi mini sallama a Tudun Wada, Gusau. Wai zai tafi aikin Hajji, yana neman in yafe masa.

Gidan kakanmu ne, ginin ƙasa mai ɗaki a sama. Daɓen ɗakin saman yana zaune ne a kan azara, wato itacen giginya da aka faskara aka jera, kawunansu binne a cikin bango. Yaya Rabi ce a ɗakin ƙasa tun da mijinta ya rasu, tana suyar ƙuli-ƙuli tana riƙe da kanta. Da barin hatsi a rumbun ƙauye ya zama kasada, dangi suka yanke a kwaso masara da dawar gonarmu ta Kucheri a jibge a sama. Ita kaɗai ta ce a dakata. Ta ce in ta yi shara takan tarar da wani lallausan gari a gindin bango, kuma in an taka sama tana jin ƙara. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Aka kirawo Malam Sale magini, ɗan wan mahaifinmu. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda ake duba azara. A ƙwanƙwasa kowace ɗaya a saurara, a soka mata tsinin wuƙa, sannan a fasa bango a tono kanta. Gara ta cikin bango take hawowa, kan da ke binne take fara cinyewa, ta bar maka tsakiya kamar sabuwa. Malam Sale ya fi kowa sani, gadon gidansu ne. Amma shi ya shafe bangon nan da siminti watannin baya, har yana kawo mutane su ga hannunsa. Ya fasa aikinsa saboda maganar mace? Innarmu tana tsaye ya ɗaga sanda ya bubbugi tsakiyar azara, ya kakkaɓe farar rigarsa ta Juma'a, ya ce, "Haba Rabi, tsoro dai! Azarar ga ko raƙumi anka ɗora mata ta ɗauka."

Aka ɗora buhuna. Wata safiya, babu ruwa babu iska, Yaya Rabi tana durƙushe tana murza tunkuza, kawunan azarar suka zare daga bango. Da aka ɗaga su, da yatsa kana marmashe su kamar busasshen tuwo.

A zaman makoki kowa ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma ƙaddara ba ta hana a kira mai laifi da sunansa. Malam Sale ya zauna cikinmu yana karɓar gaisuwa, kuma daga ranar zuwa makon jiya bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba. Har yau ana kiransa duba tsofaffin gidaje, har Bungudu ake zuwa ɗaukarsa.

Nakan tambayi kaina me Yaya Rabi za ta ce da ta ga zamanin nan, da ake rufe tsohuwar azara da silin, a shimfiɗa tayil a kanta, a ce gida ya zama sabo. Dariya za ta yi, ta ce kallon kitse ake wa rogo. Na kuma san da ita ya roƙa, da tuni ta yafe, don ba ta iya riƙo ba. Ni na iya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da Malam Sale ya zo makon jiya, ya zauna a tabarmata ya ce, "Ɗan'uwa, abin da yaw wuce ya wuce. Ka yahe mani in tahi da zuciya hwara." Na ce masa haƙƙin ba nawa ba ne, mai shi tana kwance a maƙabartar bayan gari, ya je ya tambaye ta. Ya tashi ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Abin da ya rage na Yaya Rabi ba shi da yawa: kaskon suyarta, da 'yarta Hauwa da aka zaro daga ƙarƙashin buhuna da karyayyen ƙugu. Ta zama budurwa yanzu, da murmushin uwarta, tana jan ƙafa. Hanyarta ta zuwa makaranta ta ƙofar gidan Malam Sale ta bi. Don haka ba na yi masa fatan mutuwa. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo da shi lafiya, ya ba shi tsawon rai da lafiyar ido, ya zauna a dakalinsa kowace safiya yana kallonta tana wucewa.