Ranar da muka kai kwamfuta asibiti a Birnin Kudu

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Kwandiko, ni da 'yata da jaririyarta a goye, da kuma marar lafiyar da muka yi tafiyar dominta, wato kwamfutar ofishinsu. Ni aka ɗora wa jakar. Na rungume ta a ƙirji yadda ake rungumar kwandon ƙwai, don an gargaɗe ni cewa ta fi babur ɗina daraja.

Ga abin da ya faru. Yarinyar nan tana aiki da wata ƙungiya mai taimakon manoma. Rani guda ta yi tana bin ƙauyuka da tsohon ciki, tana ɗaukar bayanan masu neman iri da taki, duk ta zuba a cikin na'urar. Da ta gama wankan jego ta buɗe, sai kalmar sirri ta ɓace mata. Ta gwada wannan, ta gwada waccan, har abar ta yi fushi fuskarta ta koma shuɗiya, ta ce sai an kawo mata wasu dogayen lambobi. Wai komai na cikinta a ɗaure yake, ko ɓarawo ya sace ba abin da zai karanta. Madalla, amma yanzu mai ita ce ta zama ɓarawon. In ba a buɗe ba kafin a rufe rajista, sai a wanke ta tas, wahalar 'yata ta tafi, mutanenmu kuma su shiga damina hannu wofi. Mijinta yana Kano wajen kasuwanci, shi ya sa aka nemi ƙwararre irina, wanda ya bar firamare tun kafin malamai su gaji da shi.

'Yan acaɓa suka fitar da mu bakin titi, muka sami mota ta Sara. Kuɗin mota ya hau yadda har kwandastan ma sai da ya kau da kai kafin ya faɗa. An cusa mu tare da buhunan riɗi da wata akuya da ta yi ta shinshinar jakar, ina korarta da gwiwa. Gonaki duk an yi sharar su, ana jiran ruwa. A Sara na sayi ƙosai, na lura ya rame sosai tun rabona da shi. 'Yata ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, bakinta sai motsi yake, ban sani ba ko addu'a ce ko kalmar take nema.

Hantsi ya ɗaga muka hango duwatsun Birnin Kudu. Ofishin ɗaki biyu ne a bayan kasuwa, da fanka mai kuka. Mai gyaran kwamfutar ya gaishe ni har ƙasa, ya duba, ya ce shi ma ba shi da mabuɗin, yana hannun hedikwata, kuma ba sa bayarwa sai sun tabbatar mai ita ce da kanta. Ya kira, ya sa wayar a lasifika don ya ji lambobin ya shigar.

Wata mata ta ɗauka, da muryar mutanen birni. Ta tambayi lambar aiki, aka ba ta. Ta tambayi gari, aka faɗa. Sai ta ce, "Saura tambayar da kika zaɓa da kanki ranar da aka ɗauke ki. Mene ne sunan ɗanki na fari?"

'Yata ta sunkuyar da kai. Ɗan fari dai, uwa ba ta kama sunansa a wajenmu. Wannan kuwa sunana aka sa masa, ga ni zaune a gabanta da jaka a cinya.

"Abba," in ji 'yata can ƙasa-ƙasa.

"Ba shi ke rubuce ba, Malama. In kika sake kuskurewa sai na rufe buƙatar."

Na gyara murya na ce, "Hajiya, ai mai sunan ne da kansa a nan, bari in faɗa miki."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, daga bakinta ake so."

Na dubi yarinyar nan, kanta a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan mayafi. A rubuce ta iya sa shi a ɓoye, amma a baki, a gabana, ta gwammace aikin ya tafi. Nan take na tuna ina da muhimmin uzuri da mai rake. Na miƙe na fita, kuma ban tsaya a mai raken kusa ba, sai da na tsallaka titi.

Da na dawo ina tauna, na tarar shuɗin ya washe, mai gyara yana ta hamdala, ita kuma tana zaɓar sabuwar kalma. Ba ta dube ni ba, ni ma na mai da hankali kan rakena. Muka ci shinkafa da wake a tasha, wannan karon har ta nemi ƙarin yaji.

La'asar sakaliya muka iso gida. Uwarta ta tare mu tana tambayar wa ya buɗe. Na ce ni ne, kuma ban yi ƙarya ba. A tafiyar nan na gane cewa na'urar Bature tana da tsaro, amma ba ta san kunya ba, kuma wani taimakon da tsoho zai yi wa 'yarsa bai wuce ya tashi ya ba ta wuri ba.