Sahu Uku da Na Ɗora Kan Katangar Kawu Hamidu

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Hamidu, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Har yanzu duk Lahadi nakan sauka daga jirgin ƙasa na layin D a titin Grand Concourse, nan New York, in gangara ɗan lambun da 'yan unguwarmu ke nomawa, inda ya bar mana katangarsa.

Lambun a gindin tudu yake. Kafin zuwan Kawu, duk ruwan da aka yi sai ya kwaso ƙasa ya binne mana kuɓewa da yakuwa. Shi kuwa magini ne tun a ƙauyenmu na Adar, inda ake tare gangare da dutse kan dutse, ba siminti, ba laka. Da safe yana sayar da huluna a 125th Street, da la'asar yana jera duwatsu. Duk bayan taku biyu sai ya kwantar da dogon dutse, kansa a waje, gindinsa cikin tudu. Ya ce shi ke riƙe sauran.

Saura sahu uku na sama ciwo ya kwantar da shi, ni na ƙarasa. Na zaɓi duwatsu masu kyan fuska don masu wucewa su yaba. Dogayen kuwa sun yi mini muni, na watsar da su cikin ciyawa. Da na nuna masa hoton a asibiti, ya daɗe yana kallo.

"Issufu, kwalliya ka yi ko gini?"

"Kawu, ai ga ta a tsaye."

"A tsaye take don ba abin da ya taɓa ta."

Shekaru bayan rasuwarsa aka yi 'yar girgizar ƙasa a nan New York. A shagon da nake aiki kwalabe kawai suka kaɗa. Amma da na isa lambu, sahu ukun nan nawa sun zube kan bencin da Hajiya Ramatu, babbarmu a lambun, ke zama. Allah ya sa ranar ba ta zo ba. A ginin Kawu ko dutse ɗaya bai goce ba.

Injiniya ya zo ya duba, ya bar takarda. Hankalinmu ya tashi, muna tsoron a rushe katangar a rufe lambun. Na bi takardar da yatsa layi-layi, yadda ake koya mana a ajin karatu na manya. Ba ta ce a rushe ba. Ta ce katanga marar siminti tana jure ruwa, amma girgiza mai ƙarfi na iya zubar da ita, don haka a rage tsayinta, kuma kowa ya daina zama a gindinta.

Da Kawu na raye, ba na jin zai yi musu. A Adar ƙasa ba ta motsi, da ruwa ya saba faɗa. Na san dai zai tsare injiniyan nan da tambaya har ya gaji.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar katangar da har yau take tare mana ƙasa, da gyaran da ya yi mini, wanda sai da ƙasa ta motsa na ji shi. Na ɗauke bencin, na tono dogayen duwatsun daga ciyawa, na ɗora sahu ɗaya tak.

Hajiya Ramatu ta zagaya ta duba. "Malam Issufu, wannan karon fa ba ta yi kyau ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya."