Reza Biyun Mama Laraba

Kafin motocin ma'aikatan Abuja su gama kwashe mutane da safe, Mama Laraba ta riga ta buɗe shagonta a Bagama, ta ɗiga wa kekunan ɗinki mai, ta zauna bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Duk abin da 'yan koyo suka ɗinka jiya sai ya bi ta hannunta. Ba ta duban gaban riga. Juya ta take yi ta bi cikin da yatsa, don a cewarta gaba na mai saye ne, ciki kuwa na tela.

An ce gaskiya ɗaci gare ta. Masu son yi wa na ƙasa tsawa su suka fi haddace wannan magana. An kuma ce sana'a ba ta shiga sai da zagi. To, ga mace tana yaye 'yan mata tun kafin gwamnati ta taso daga Legas, ba wadda ta taɓa jin ta ɗaga murya, ba kuma wadda ta taɓa jin ta yabi karkataccen ɗinki. In aiki ya ɓaci, reza biyu take ɗaukowa ta miƙa wa yarinya ɗaya, ta ce ta kama ta can, ita ta kama ta nan, su warware ɗinkin har su haɗu a tsakiya.

Mutanen layin ba su manta da zancen Godiya ba, 'yar Markus, wani manomi a Lambata. An sa ranar yayenta, abin da yaran yanzu ke kira firidom. Uban ya sayi akuya, ya gayyaci 'yan cocinsu. Sai Mama ta juya rigar gwaji, ta tarar hammata ta tattare kamar kullum. Da wata ce, da ta ci shinkafar bikin ta bar masu kawo ɗinki su gaya wa yarinyar a bainar jama'a. Mama ta jira sauran 'yan koyon suka tashi.

"'Yata, ba ki kai ba tukuna," in ji ta. "Layin ɗinkinki ya fi nawa miƙewa, kin san ba na yabon banza. Amma hannun riga bai zauna miki ba, kuma ba zan sake ki kasuwa ta yi miki dariya ba."

Godiya ta yi kuka, ta ce da wane ido za ta dubi babanta. Mama ta ce ta bar mata wannan, ita za ta tare shi. Washegari ta rufe shago ta shiga motar Lambata, ta sami Markus a gona ta faɗa masa da bakinta, ta ce in ana neman mai laifi, ita ce ba ta gama koyarwa ba. Markus ya yi ta faɗa, ya ce akuyar fa? Ta ce a bar ta ta ƙara ƙiba. Sai bayan girbi aka yanka ta, ranar da aka yaye Godiya.

Ke ce, Laraba, mai faɗin gaskiya ki tsaya ki taya ɗaukarta. Irinki sun fara wuya a garin nan, inda kowa ke sauri.

Bana idanun Mama sun gaza, zare ya daina shiga allura, za ta koma Kagoro wurin ɗanta. Godiya, wadda yanzu ke da nata shagon da nata 'yan koyon, ta ɗinka mata rigar tafiya. Mama ta juya ta, ta bi da yatsa, ta daɗe a hammata, sannan ta ce babu abin warwarewa. Godiya kuwa ta riga ta zo da reza biyu a tafin hannunta.

"Mama, ki sake dubawa mana," ta ce.

Mun gode, Mama Laraba, Allah ya kai ki gida lafiya. Ku kuma masu koyar da sana'a, ranar da za ku ce a warware, ku ɗauko reza biyu.