Harsunan Akodiyon Baba

Babana gyaran keken ɗinki yake yi a unguwar Jarwal ta Makka, amma abin da ya fi so a duniya shi ne akodiyonsa, irin mai maɓallai ta kowane gefe da zuga-zugi a tsakiya. Wajen abokansa 'yan Sudan ya koyi kiɗan. A lokacin ba a fito da kayan kiɗa fili a Makka, don haka a ɗaki yake kaɗawa, ƙofa a rufe, ni ina zaune a gabansa, Umma tana kicin tana yi kamar ba ta ji.

Shi ya nuna mini cikin abin. Muryar akodiyon tana jikin wasu siraran harsunan ƙarfe ne da aka liƙa da kakin zuma. Na Baba ƙarfe ne na gaske, kuma da hannunsa ya bi su da magagari har suka iya waƙoƙin Hijaz, waɗanda akodiyon kanti ba ya iyawa. Akwai harshe guda da ke ɗan rawa idan an ja a hankali, kamar muryar tsoho. Gargaɗinsa kullum shi ne kada a bar akodiyon a rana, kakin zai narke.

Bayan rasuwarsa muka koma unguwar Ka'akiyya, ni nake kaɗa wa Umma in ta nema. Da zuga-zugin ya fara yoyon iska, ɗan kawuna, wato taubashina, mai kiɗa a bukukuwa kuma gwanin gyara a bakinsa, ya ce in kawo. Hujin dai ya toshe shi. Amma da na danna maɓalli, sai na ji ƙara kamar ta gwangwanin madara. Umma ta leƙo, ta saurara, ta juya. Daga ranar ba ta sake cewa in kaɗa mata ba.

"Tsufa ne, ya bint ammati, 'yar gwaggona," in ji shi. "Halas, shi ke nan, ƙarfe ma yana gajiya."

Na yarda, don wauta ba ta da shekaru. Sai wata rana muka je biki a wata istiraha, irin gidajen taron da ake haya, muna ɓangaren mata, kiɗan maza yana shigowa ta bango. Loma tana hannuna na ji harshen nan mai rawa. Ko cikin barci na san shi. Ashe ɓarawon ya kwashe harsunan Baba ya dasa a nasa akodiyon, ya cusa mana na banza.

A bakin ƙofa na tare shi. Ko kunya bai ji ba, dariya ma ya yi.

"Ke da ba kya fita da shi ko'ina? Ni kuwa jama'a ke ji. Wasan taubasai ne, ma'alesh, ki yi haƙuri."

A gidanmu taubashi yana iya ɗauke maka takalmi ko hula, ba ka da bakin ƙara. To, takalmi aka ce, ba muryar uban mutum ba. Ban gaya wa Umma ba, ɗan yayanta ne. Na haɗiye, amma wallahi ban yafe ba.

Aikin Hajji ya zo cikin tsananin zafi. Mai gidan da taubashin nawa yake haya ya ba alhazai ɗakunan, taubashin kuma ya samu aikin yi musu jagora a Mina. Da ƙafarsa ya kawo mini ajiyar akodiyonsa, ja, yana sheƙi.

"Ki sa mini shi a ɗaki mai sanyin mukayyif, kin san kaki ba ya son zafi."

Na ce na sani ƙwarai.

Da na so, da wuƙa zan ɓamɓare na Baba cikin tsafta in bar masa abinsa lafiya. Ban so ba. Saman bene na kai shi, gefen tankin ruwa, inda ko kyanwa ba ta takawa da azahar, na buɗe akwatin na shanya shi. Kullum sai na hau na duba, kuma ina jin daɗin hawan. Wurin ya ɗauki ƙamshin zuma. Ranar da na girgiza shi na ji cikinsa yana kacau-kacau kamar cokula, na san ya nuna. Zuga-zugin ya bushe ya tsage, maɓallan sun liƙe da kaki. Na tsince harsunan Baba ta wurin sawun magagarinsa, na zuba masa nasa na banza a ciki, na goge akwatin tas.

Ya dawo daga Mina a gajiye, rana ta gasa shi. A tsakar falo ya rataya akodiyon ya ja. Ba abin da ya fito sai huci.

"Ke! Me kika yi masa?"

"Wasan taubasai ne," na ce. "Ma'alesh."

Har yau ba ma gaisawa, kuma ban taɓa rasa barci a kan haka ba.

Na daɗe ina fama kafin in mai da harsunan mazauninsu. A tsohuwar butar shayi na narka kaki, na ƙone yatsu, na liƙa wasu a karkace na sake cirewa. Da na gama, na zauna a ɗaki na ja zuga-zugin, harshen nan ya yi rawarsa.

Ƙarar famfon kicin ta tsaya. Umma ta zo bakin ƙofa, hannuwanta a jiƙe, tana gyara mayafi yadda take yi idan Baba ya shigo gida. Ta shigo, ta mai da ƙofa ta rufe, ta zauna a ƙasa.

"Ja a hankali," ta ce. "Yadda yake yi."